Kashe-kashe a wasannin bidiyo: ina aka wuce gona da iri?

A cikin Grand Theft Auto V, wasan da kamfanin Rockstar ya fitar a watan Satumban 2013, akwai wani mataki da ba ya barin zuciyar wanda ya taɓa buga shi. An ɗaure wani mutum a kan kujera cikin wani tsohon sito. Ga tebur a gefe an jera filaya, da ƙatuwar sifana, da batirin mota da wayoyinsa, da jarkar ruwa da tsumma. Jami'an gwamnati na neman wani bayani a bakinsa, kai kuma mai riƙe da hannun gem kai ne za ka zaɓi abin da za a fara masa da shi. In filaya ka ɗauka, da babban yatsanka za ka yi ta murzawa har haƙorin ya fita. Wata na'ura na nuna bugun zuciyarsa, in ta tsaya sai ka soka masa allura ya farfaɗo, a ɗora daga inda aka tsaya. Labarin wasan ba ya gaba sai ka aikata. Masu kare kamfanin sun ce ai habaici ne ga hukumomin leƙen asirin Amurka, tun da daga baya mai azabtarwar da bakinsa ya ce azaba ba ta fitar da gaskiya. Ƙungiyar Freedom from Torture ta Birtaniya, wadda ke jinyar mutanen da suka sha irin wannan azaba a zahiri, ta ce an tsallake iyaka.

Cikin kwana uku wasan ya tara dala biliyan ɗaya, zuwa yau kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 200. Ke nan ba wani abin bayan fage ba ne da 'yan tsiraru ke bugawa a ɓoye. Duk da haka in aka tayar da zancen, muhawarar a wuri guda take maƙalewa. Mai suka zai ce waɗannan wasanni na mayar da yara makasa. Mai karewa zai zaro sakamakon bincike ya rushe wannan magana, sai ya kakkaɓe riga ya ɗauka shari'a ta ƙare. A ganina mai karewa ya fi gaskiya a kan wannan gaɓar, amma gaɓar ce ba ita ba.

Tsoron ya girmi yawancin masu buga gem na yau. Tun 1976 jaridun Amurka suka yi ca a kan wani wasa mai suna Death Race, inda ake take wasu 'yan zane-zane da mota, alhali ko fuska ba su da ita. Inda abin ya zama na gwamnati shi ne bayan fitowar Mortal Kombat a 1992. Hotunan mutane na gaske aka ɗauka aka saka a wasan, wanda ya yi nasara kuma yana iya tsinke kan abokin karawarsa ya ɗaga shi sama, ƙashin baya na reto. Da aka zo sayar da shi don bugawa a gida a 1993, Nintendo ya mayar da jinin toka-toka kamar gumi, shi kuwa Sega ya bar jinin a ɓoye, sai ka danna wasu madannai a jere ya bayyana. Na Sega ya fi ciniki nesa ba kusa ba, shekara na zagayowa Nintendo ya saki jini a kashi na biyu. Darasin da 'yan kasuwa suka ɗauka ke nan, kuma har yau ba su manta ba. A watan Disambar 1993 sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira shugabannin kamfanonin gaban majalisa suka ba su zaɓi: ko ku tsara wa kanku ma'aunin shekaru, ko gwamnati ta tsara muku. Daga nan aka samu hukumar ESRB a 1994, mai buga harafi a jikin kwali, M ga 'yan 17 zuwa sama. Turai ta bi sahu a 2003 da PEGI, mai rubuta lamba ƙarara: 3, 7, 12, 16, 18.

Tun daga ranar 20 ga Afrilun 1999, da wasu ɗalibai biyu suka harbe 'yan'uwansu 12 da malami ɗaya a makarantar Columbine, aka kuma gano suna son wasan harbi mai suna Doom, duk harbin kan mai uwa da wabi a Amurka sai an waiwayi gem. Bayan kisan ƙananan yara a makarantar Sandy Hook a 2012, Wayne LaPierre na ƙungiyar masu kare mallakar bindiga ya tsaya gaban 'yan jarida ya ɗora laifi a kan wasannin bidiyo. A watan Agustan 2019 wani matashi ya buɗe wuta a kantin Walmart na garin El Paso, mutum 23 suka rasa rayukansu, bayan ya wallafa takardar ƙiyayya ga 'yan asalin Latin Amurka. Shugaba Donald Trump ya ambaci wasannin bidiyo cikin musabbabai. Kantin ya umarci ma'aikatansa su sauke tallan wasannin faɗa daga bango, bindigogi kuwa suna nan a kan kanta ana ciniki. An bar jaki ana dukan taiki.

To me masu bincike suka gano? Kafin a ji sakamakon, ya kamata a ga yadda ake awon, don nan ne rigimar take. Ba wanda zai ba mutum wuƙa a ɗakin gwaji ya ga ko zai soki wani. Abin da ake yi shi ne a kawo ɗaliban jami'a a raba su biyu, wasu su buga wasan harbi na ɗan lokaci, wasu su buga wanda ba faɗa a ciki. Sai a ce wa kowa akwai abokin gasa a ɗakin gaba, duk wanda ya ci zai aika wa ɗaya ƙara mai kashe kunne, shi ne kuma zai zaɓi ƙarfinta da tsawonta. A wani gwajin miyar barkono ake ba shi, a ce ya zuba wa wani da aka riga aka faɗa masa ba ya son yaji. Wanda ya ƙara murɗa ƙarar, ko ya ƙara cokali, sai a rubuta cewa zafin ransa ya hau. Da irin waɗannan gwaje-gwaje, haɗe da bin diddigin yara na tsawon lokaci, Craig Anderson da Brad Bushman suka kafa hujjar cewa wasannin faɗa na ƙara zafin rai da rage tausayi. Christopher Ferguson da masu ra'ayinsa suka ce tsakanin ƙarin cokalin barkono da ɗaukar bindiga akwai tafiya mai nisa, kuma mujallu sun fi son buga binciken da ya gano illa, wanda bai gano komai ba sai ya kwana a durowa.

Kowane ɓangare na da lambobinsa. A 2018 masana a kwalejin Dartmouth suka tattara bincike 24 da suka shafi yara da matasa sama da 17,000, suka ce akwai alaƙa da ƙarin faɗace-faɗace, amma 'yar ƙarama ce. A 2019 Andrew Przybylski na jami'ar Oxford da Netta Weinstein suka bi matasa 1,004 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu halinsu maimakon dogaro da bakin yaran, kuma tun kafin su fara suka rubuta yadda za su yi lissafin don kada su lanƙwasa shi daga baya. Ba su ga wata alaƙa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, APA, wadda a 2015 ta ce akwai alaƙa da zafin rai, ta fito a 2020 ta ja kunne cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da za a jingina kisa ko manyan laifuka ga gem, yin hakan ma yana ɗauke hankali daga musabbaban gaske. Ga kuma abin da ke bayyane ga kowa: daga 1993, shekarar da Doom ya fito, zuwa 2019, alƙaluman FBI sun nuna laifukan tashin hankali a Amurka sun ragu da kusan rabi, a daidai lokacin da wasannin ke ƙara yawa da ƙara jini. Matasan Japan da Koriya ta Kudu na cikin waɗanda suka fi kowa buga gem a duniya, kisan bindiga kuwa a can sai a daɗe ba a ji ba.

Da wannan Kotun Ƙolin Amurka ta yi aiki a 2011. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2005, da sa hannun gwamna Arnold Schwarzenegger, wanda shi kansa da finafinan harbi ya yi suna, cewa duk wanda ya sayar wa ɗan ƙasa da 18 wasan tashin hankali zai biya tarar da ta kai dala 1,000. Alƙalai bakwai cikin tara suka soke ta. Mai shari'a Antonin Scalia ya ce gem magana ce irin ta littafi da fim, tsarin mulki ya ba ta kariya, ya kuma tuna wa kotu cewa tatsuniyoyin da ake karanta wa yaran Turai cike suke da ƙwaƙule ido da gasa mayya a tanda. Mai shari'a Stephen Breyer, ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi, ya yi tambayar da har yau ban ji an amsa ta ba: wane irin hankali ne doka ta hana sayar wa yaro ɗan 13 mujalla mai hoton mace tsirara, amma ta kare sayar masa da wasan da zai ɗaure macen ya azabtar da ita ya kashe ta da hannunsa?

Tambayar Breyer ta tono wani abu. Kowace al'umma da inda take ja layinta, kuma layin ya fi nuna tarihinta fiye da sakamakon wani bincike. A Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004, kana iya kashe dubban mutane a titi, harafin M aka ba shi. A 2005 wani ɗan Holan ya tono wani ɓangaren jima'i da kamfanin ya binne a cikin faifan bai goge ba. Nan take aka mayar da wasan na manya zalla, manyan kantuna suka kwashe shi, Hillary Clinton, tana sanata a lokacin, ta nemi a yi bincike. Jamus akasin haka take, jini ne ba ta ɗauka da wasa: a Half-Life na 1998 sai da aka mayar da sojojin da ake harbi mutum-mutumin ƙarfe kafin a sayar a can. Japan takan sa a cire fille kai daga wasannin da kamfanoninta suka yi, amma a can ne aka yi RapeLay a 2006, wasan da aikin mai bugawa shi ne bibiyar uwa da 'ya'yanta mata biyu ya yi musu fyaɗe, aka kuma sayar da shi har sai da duniya ta yi caa a 2009.

Wannan na ƙarshe shi ne inda ni ba na jiran wani bincike kafin in ce an wuce gona da iri. Yawan jini ba shi ne ma'auni ba, abin dubawa shi ne me wasan ke ba ka lada a kansa. Ɗauki This War of Mine, da wani kamfanin Poland ya yi a 2014 bisa abin da ya faru a ƙawanyar Sarajevo. Farar hula kake riƙe da su a wani rusasshen gida, yunwa da sanyi na cin su. Kana iya shiga gidan wasu tsofaffi mata da miji cikin dare ka kwashe abincinsu da maganinsu, tsohon na bin ka yana roƙo, ba abin da zai iya yi maka. Amma in ka dawo gida mutanenka za su shiga ƙunci, wani ya daina magana, wani ma ya kashe kansa. A 2020 gwamnatin Poland ta saka shi cikin jerin abubuwan nazari ga manyan ɗaliban sakandare. Ka ajiye shi kusa da Active Shooter, wanda aka shirya fitarwa a 2018, watanni kaɗan bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland, inda za ka iya zama maharbin ka bi azuzuwa ana ƙirga maka gawa. Duka biyun akwai mutuwa a ciki, amma ba mai hankalin da zai ce abu ɗaya ne.

Kamfanin Valve, mai kasuwar Steam inda yawancin masu kwamfuta ke sayen wasanni, ya cire Active Shooter bayan kukan iyaye, sai kuma ya sanar da cewa daga yanzu komai na iya shigowa muddin bai saɓa doka ba kuma ba tsokana ce tsagwaronta ba. A 2019 ya hana wani wasan fyaɗe fitowa, amma a 2025 wani mai suna No Mercy ya shiga kasuwar har sai da aka toshe shi a Birtaniya da Ostareliya da Kanada. Abin da ya kawo sauyi a ƙarshe ba majalisa ba ce. Wata ƙungiyar Ostareliya, Collective Shout, ta matsa wa kamfanonin katin biyan kuɗi lamba, a watan Yulin 2025 Steam ya kwashe wasanni da dama, kasuwar itch.io kuma ta ɓoye dubbai a dare ɗaya, har da waɗanda ba su ji ba su gani ba. Ba na makokin wasannin fyaɗe ko kaɗan. Sai dai abin lura ne a ce iyakar abin da duniya za ta buga yanzu tana hannun masu Visa da Mastercard, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, kuma gobe suna iya juyawa kan wani abin dabam.

Akwai kuma tambayar da masu awon zafin rai ba su cika yi ba, wadda mu ta fi shafa: wa ake harbi? A Resident Evil 5 na 2009 jarumin Bature ne, fagen kuwa wani ƙirƙirarren gari a Afirka, yana ratsa kasuwa da lunguna yana zubar da baƙaƙen fata da wata cuta ta haukata, can gaba ma har da masu banten ciyawa riƙe da mashi. Kamfanin Capcom ya ce ba da wata manufa ya yi ba, mai yiwuwa kuma gaskiya ne, amma hoton ya riga ya tsufa a idon duniya kafin a yi wasan. A Call of Duty: Modern Warfare na 2019 akwai matakin da aka kira hanyar mutuwa, aka ce Rasha ce ta yi wa masu gudu ruwan bama-bamai a kanta. Hanyar da tarihi ya sani da wannan suna ita ce ta Kuwait zuwa Basra, kuma jiragen Amurka da ƙawayenta ne suka ƙone ta a 1991. Six Days in Fallujah ya mayar da yaƙin Falluja na 2004 abin wasa, kamfanin Konami ya janye daga shi a 2009 saboda suka, wani kamfanin ya fito da shi a 2023 duk da kiran ƙungiyar Musulmin Amurka ta CAIR na a ƙi karɓarsa. A 2021 sai da kamfanin Activision, mai Call of Duty, ya nemi afuwa bayan an ga shafukan Alƙur'ani warwatse a ƙasa cikin Call of Duty: Vanguard. Yaron da ya shekara goma duk abokin gaban da ke gabansa mai rawani ne ko mai kabbara ba zai zama makashi don haka ba, amma wani abu na zauna masa a kai game da ran wa ke da tsada, ran wa ke da araha. Yaron nan kuwa yana iya zama ɗan Kano ko ɗan Damagaram, yana harbin mai kama da kawunsa.

Masu sayar da yaƙi sun daɗe da gane amfanin abin. Rundunar sojan Amurka da kanta ta yi wasa, America's Army, ta raba shi kyauta daga 2002 har 2022 don jawo matasa aikin soja. Takardun da suka fito daga ƙarar da iyayen yaran Sandy Hook suka kai kamfanin bindiga na Remington sun nuna ya ƙulla yarjejeniya da Activision a saka wata bindigarsa a Modern Warfare 2 na 2009, da nufin samun masu saye cikin matasa masu tasowa. Wato masu ƙera bindiga sun yarda gem na gina sha'awa, ko da masu gem na cewa wasa ne kawai. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 aƙidar fifita farar fata ce ta tura shi, ba gem ba. Amma kyamara ya ɗaura a ka ya watsa kai tsaye a Facebook, bakin bindiga a ƙasan allo daidai yadda yake a wasannin harbi, a wasu zaurukan intanet kuma magoya bayansa suka riƙa lissafa mamatan kamar maki. Facebook ya ce ya goge kwafin bidiyon miliyan ɗaya da rabi cikin awa 24.

Duk wannan bai kai matsalar shingen shekaru ba. Masu kare masana'antar na cewa matsakaicin mai buga gem a Amurka ya haura shekara 30, wasannin da ke samun M kuma 'yan kaɗan ne cikin waɗanda ake tantancewa. Gaskiya ne. Babba mai hankalinsa in ya zaɓi wasan yaƙi bayan ya taso aiki, wannan tsakaninsa da lamirinsa ne. Dukkan tsarin an gina shi ne bisa alƙawarin cewa abin manya zai tsaya a hannun manya, kuma a wani lokaci alƙawarin ya yi aiki. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, takan tura yara 'yan 13 zuwa 16 kantuna su gwada sayen wasan M. A 2000 kashi 85 cikin ɗari sun samu, a rahoton 2013 saura kashi 13. Sai dai mai tsaron wannan shinge shi ne mai kanti, yau kuwa kantin ya koma cikin waya. Shafi zai tambaye ka shekarar haihuwa, ɗan shekara tara ya zaɓi 1990 ya wuce abinsa. Wanda ba shi da wasan ma yana kallon wani na bugawa a YouTube ko TikTok.

A garuruwanmu shingen bai taɓa tsayuwa ba balle ya faɗi. Leƙa gidan gem na unguwa da la'asar: shago ne ɗan ƙarami, janareta na kuka a ƙofa, talabijin uku ko huɗu a jere, benci ya cika. Manya na kan ƙwallo, a allon ƙurya kuwa San Andreas ne, wanda ya haura shekara ashirin amma bai tsufa a nan ba. Ba kwali balle harafin M, mai shago loda wasannin ya yi a na'ura. Yaro ɗaya ne ya biya, shida na tsaye a bayansa, ƙaramin cikinsu bai wuce shekara bakwai ba, jakar allo ko ta boko na rataye a kafaɗa. Ya haddace lambobin sirrin da ke kawo makamai, ƙannen na ihu "taka shi, taka shi!" Masu sharhi a Turai na cewa wasan zambo ne ga rayuwar Amurka, da rediyonsa da tallace-tallacensa na ba'a. Yaron nan ba ya jin Turancin, zambon ya wuce ta saman kansa. Abin da ya rage masa shi ne fizge mota, da dukan mai tafiya a ƙasa, da ɗaukar mace mai zaman kanta a mota sannan a kashe ta a karɓe kuɗin da aka biya, abin da jerin wasannin ya ba da dama tun 2001. Binciken Oxford a kan 'yan 14 da 15 aka yi shi. Ba kwamitin ɗa'a da zai yarda a zaunar da ɗan shekara bakwai gaban wannan don a auna abin da zai same shi, saboda haka kada wani ya ɗauko takardar Oxford ya ce ta wanke wannan benci.

Uban da jini kaɗai yake dubawa kuma zai iya barin abin da ya fi ciwo ya wuce. Fortnite launuka ne masu haske, ba jini, amma a watan Disambar 2022 kamfaninsa, Epic Games, ya amince ya biya dala miliyan 520 kan zargin tattara bayanan yara, da yaudarar masu wasa su sayi abin da ba su yi niyya ba, da barin hirar murya a buɗe tsakanin yara da baƙin da ba su sani ba. Roblox kamar wasan 'yar tsana yake, Turkiyya ta toshe shi a watan Agustan 2024 saboda fargabar masu lalata da yara. Akwatunan sa'a, da ake biya ba a san me za a samu ba, Beljiyam ta ce caca ce tun 2018. Free Fire, da ke tafiya a kan ƙaramar waya, kyauta ake sauke shi, kuɗin a sayen lu'ulu'u da kayan ado yake fita, ga data, ga barcin da ba a yi ba. Cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2019 ma ba ta zancen jini, ta jarabar wasa ce, in ya danne karatu da aiki da zumunci har tsawon shekara.

Haramci shi ne abin da gwamnatoci ke fara kai wa hannu. Majalisar Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana PUBG a 2019, Jodan ta bi baya, majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta ba da fatawar haramcinsa a shekarar. Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 awa uku a mako tun 2021, daga ƙarfe takwas zuwa tara na daren Juma'a da Asabar da Lahadi. Koriya ta Kudu ta riga kowa gwadawa: a 2011 ta hana 'yan ƙasa da 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe, bayan shekara goma ta soke dokar, don yaran sun koma waya, wasu kuma da lambar shaidar iyayensu suke shiga. Abin da ya fi kusa da hannu ƙarami ne kuma ba ya shiga labarai: lambar shekaru da ke rubuce a Play Store ƙarƙashin kowane wasa, da manhajar Family Link da ke ba uba ko uwa ikon hana saukewa da ƙayyade lokaci, da mai unguwa ko iyayen layi su zauna da mai gidan gem a ce masa wannan wasan ban da ƙanana. Mai shagon ɗan unguwa ne, ana iya yi masa magana, abin da ba a iya yi wa Rockstar.

Birtaniya ta yi yunƙurin mayar da mai kanti bakin ƙofa. Daga 25 ga Yulin 2025 dokarta ta tsaron intanet ta wajabta wa shafuka masu abubuwan manya su tabbatar da shekarun mai shiga da gaske, ba da tambayar baka ba. Steam ya koma neman katin bashi na banki, dandalin hira na Discord kuma ya ce ka nuna fuskarka ga kyamara na'ura ta ƙiyasta shekarunka, ta ce ka buɗe baki ka rufe don ta tabbatar mutum ne mai rai. Ba a yi mako ba masu sauke manhajar VPN, mai ɓoye ƙasar da mutum yake, suka yi tururuwa, wasu kuma suka gano ba sai sun wahala ba: sai su kunna wasan Death Stranding, su saita fuskar jaruminsa mai gemu a allo, su sa shi ya buɗe baki ya rufe, su nuna wa kyamarar. Na'urar ta ce babba ne, ta buɗe musu.